KAFIN KA DANGWALA, TUNA DA GADAR GWALLI

Ya kai ɗan'uwa mai karatu, ko kana Gwashi, ko Bukkuyum, ko Anka, ko Gummi. Ga kakar zaɓe ta sake zagayowa, motoci masu lasifika za su fara shigowa garuruwan da rabonsu da ganin ƙurarsu tun zaɓen da ya wuce. To, kafin ka saurari kowa, har da mu masu wannan takarda, zauna tukuna ka yi lissafin abin da ya same ka.

Fara da gada. A watan Satumba na 2025 motar 'yan rakiyar amarya daga Fass ta faɗa ruwa a gadar Gwalli, mutum 19 suka rasu, akasarinsu mata da yara. Allah Ya jiƙansu, amin. Gadar nan kuwa ba ranar ta lalace ba, an daɗe ana ratsa ta da addu'a a baki. Shekara guda kafin haka, a Satumba na 2024, kwalekwale ya kife da manoma a Gummi suna kan hanyar gona, aka yi hasarar rayuka da dama, ga shi ambaliya ta riga ta rushe gidaje a garin a daminar nan. Rai na Allah ne, babu mai musu. Amma siminti da rodi ba daga sama suke saukowa ba. A kasafin kuɗi ake rubuta su, kuma wanda ka dangwala wa shi ke zaune a majalisa, a Gusau ko a Abuja, sa'ad da ake rubutun.

Ba yau aka fara barinmu a baya ba. Ka tuna 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su Yargalma da Dareta da Abare da Bagega. Iyayensu ba wawaye ba ne. Dutsen zinariya suke dakawa a tsakar gida domin ya fi gero kawo kuɗi, ba su san ajali ne a cikin ƙurar ba. Likitocin agaji na ƙungiyar MSF ne suka zo suka zauna da mu, Bagega kuwa sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasarta. Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a Afrilu na 2019, ta ɗage hanin a Disamba na 2024. Duk tsawon wannan lokaci, wa ya ci zinariyar? Kai dai duba rufin makarantar garinku.

Maganar 'yan bindiga kuwa ba sai mun gaya maka ba, kai ne za ka ba mu labari. Ka san garuruwan da aka aza wa haraji kafin a bar su su yi shuka, aka sake aza musu kafin girbi. Ka san abin da ya faru a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Janairu na 2022, da yawan gawawwakin da aka binne. Ka san yadda aka rufe layukan waya da kasuwannin mako a Satumba na 2021, mutum ya rasa inda zai sayar da akuyarsa. Abin da ya fi damunmu shi ne yadda masifar ta shigo har cikin ɗaki. Zumunci ya yi rauni, ƙanwarka ta haihu a gari na gaba ba ka je suna ba saboda hanya. Magidanci mai rumbu uku ya koma ɗan gudun hijira a Anka, yana jiran a auna masa. Tun da aka cire tallafin man fetur a ran 29 ga Mayu 2023 kuma, kuɗin mota ya sa ta'aziyya ma sai ta waya.

Shi ya sa ba mu ganin laifin wanda ya ce, "Ƙuri'ar me? Gara in karɓi taliya da sabulu in san na ci wani abu." Yunwa ba wasa ba ce. Amma taliya kwana biyu take yi, kujera kuwa shekara huɗu. Kuma kada wani ya ruɗe ka cewa ƙuri'a ba ta aiki a jihar nan. A Maris na 2023 Zamfarawa suka kayar da gwamna mai ci a akwatin zaɓe, abin da mutane da yawa suka rantse ba zai yiwu ba. A 2019 kuwa Kotun Ƙoli ta soke ƙuri'un jam'iyya guda ɗungurungum domin ba ta yi zaɓen fid da gwani yadda doka ta ce ba. Wannan ma darasi ne: ka tambayi yadda ɗan takara ya sami tikitinsa, kada rigimar manya ta zubar maka da wahalar layi.

Ke ma 'yar'uwa, da ke muke. Sai a 1979 matan Arewa suka fara jefa ƙuri'a a babban zaɓe na ƙasa, iyayenki mata suka fito da goyo a baya. Ke ce ke jinyar yaro idan asibiti babu magani, saboda haka kada ki bari a zaɓa miki.

Duk ɗan takarar da ya zo, namu ko na wasu, ku tsayar da shi a ƙofar fada gaban jama'a. Ku tambaye shi yaushe rabonsa da bin hanyar Gwalli da damina. Ku tambaye shi me zai yi manomi ya je gona ba tare da biyan fansa ba, kuma a wace shekara. In ya fara kame-kame, kun gane. Ranar zaɓe ka ɗauki katinka da sassafe, ka dangwala, kada ka tafi gida sai an ƙidaya a gabanka an manna sakamako a jikin bango.