Kukan Matasa Kan Sauyin Yanayi Ya Cancanci Sauraro

Masu iya magana kan ce, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Da wannan karin magana wasu ke fakewa su yi watsi da matasan da suka tashi haiƙan suna neman hukumomi su ɗauki mataki kan sauyin yanayi. A ganinsu, ɗalibi ya ɗaga kwali a gaban shugabanni fitsara ce tsagwaronta. Sai dai a wannan batu manya sun hango, amma sun yi nawa, kuma yaran ne za su girbi abin da jinkirin ya shuka.

Masana kimiyya sun tabbatar da cewa hayaƙin kwal da fetur da gas shi ne babban abin da ke ɗumama duniya. Kason Afirka a cikin wannan hayaƙi bai wuce 4 cikin 100 ba, amma tana cikin masu ɗanɗana kuɗarsa. Alal misali, ambaliyar 2022 ta kashe mutane fiye da 600 a Nijeriya, ta kuma raba sama da miliyan ɗaya da muhallinsu. Yaron da ke firamare a yau, shi ne magidancin da zai nemi abinci a gonar da hamada ke ci a 2050. Ashe kuwa yana da ta cewa.

Bugu da ƙari, alkawuran manya sun sha zama ɗaurin talala. A taron Kofanhegan na 2009 ƙasashe masu arziki sun yi alkawarin tara wa ƙasashe masu tasowa dala biliyan 100 duk shekara kafin 2020, amma ba a cika adadin ba sai a 2022. Wanda ya ga irin wannan jan ƙafa, ba a zarge shi don ya ɗaga murya ba.

To, shin kukan nasu ya haifar da ɗa mai ido? Haƙiƙa ya haifar. A 2018 Greta Thunberg, tana da shekara 15, ta fara zaman dirshan a gaban majalisar dokokin Suwidin, kafin ƙarshen 2019 miliyoyin mutane sun bi sahunta. A Nijeriya, Adenike Oladosu ta ɗauki wannan kira tana jan hankalin duniya kan halin da yankin Tafkin Chadi ke ciki. A 2021 kotun tsarin mulkin Jamus ta amince da ƙorafin matasa, ta tilasta wa gwamnati gyara dokarta ta yanayi. Mafi ban sha'awa, wasu ɗaliban shari'a a tsibirin Banuwatu ne suka faro yunƙuri a 2019, wanda ya kai ga Kotun Duniya ta bayyana a 2025 cewa kare yanayi wajibi ne a kan ƙasashe bisa doka.

Masu cewa gwagwarmaya kan shagaltar da ɗalibi ga barin karatu suna da abin dubawa, domin ihu ba hujja hayaniya ce. A nan ne nauyi ya hau wuyan malami. Ba aikinsa ba ne ya tura yara kan titi, haka kuma ba aikinsa ba ne ya rufe musu baki. Aikinsa shi ne ya ba su makamin ilimi: ya bayyana musu dalilan kwararowar hamada da Hausa mai sauƙi, ya koya musu muhawara da rubuta takardar koke cikin ladabi, ya kuma sanar da su cewa Nijeriya ta yi dokar sauyin yanayi tun 2021. Ɗalibin da ya san haka zai iya tambayar ƙaramar hukumarsa dalilin toshewar magudanan ruwa, da makomar itatuwan da ake sarewa don gawayi.

A taƙaice, girmama na gaba bai hana faɗa masa gaskiya ba. Matashin da ya nemi a cika alkawari bai zubar da tarbiyya ba, amana ya tunatar. Wajibi ne malamai da iyaye da shugabanni su saurare shi, su kuma mara masa baya tun kafin wankin hula ya kai kowa dare.