A Fara Adon Harshe da Hausa

Ɗalibin kwaleji a Filinge ko Bonkuku ta ƙasar Imanan yakan haddace sunayen adon harshe da Faransanci, ya sake haddace su a ajin Ingilishi, alhali kirarin 'yan kokawar Kurfai cike yake da siffantawa da kambamawa. Kalmomin nazari kuma muna da su: kamantawa, jinsarwa, alamtarwa, kamar yadda Abdulƙadir Ɗangambo ya tsara su a feɗe waƙa. Tunda kundin Maris 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasar Nijar, ina ganin da su ya kamata malami ya fara. Yaron da ya san zambo fito-na-fito ne, habaici kuwa sakayawa yake har mai shi ya tsargu, ya riga ya riƙe ma'anar. Sunan Ingilishi kaɗai ya rage masa.