Gyangyaɗin Tsohon Soja Ba Lalaci Ba Ne

Duk wanda ya zauna a Agege ko Idi-Araba ko Sabon Badun ya san irin mutumin nan. Tsohon soja ne, ya bar aiki, ya kama gadin rana a ƙofar wani kamfani, ko kuwa tuƙin mota. Da hantsi sai a gan shi yana gyangyaɗi, ana yi masa magana idonsa na rufewa. Maigida ya ce malalaci ne, ya sallame shi. Abokan zama su ce ƙwaya yake sha. Ba mai tambayar yadda ya kwana.

Alhali kuwa da yawansu ba su samun barcin kirki. Da ya rufe ido sai mafarki ya mai da shi bakin daga, ga ƙarar bindiga, ga abokin da ya faɗi kusa da shi. Ya farka a firgice, jiki sharkaf da gumi, wani har ya kai wa matarsa duka bai sani ba. Daga nan sai zaman jiran asuba, kunne na bin kowane motsi. To, wanda ya shekara goma a haka, ina zai sami ƙarfin yini?

Likitoci suna kiran wannan ciwo PTSD, watau firgitar da ke bin mutum bayan ya ga mummunan tashin hankali. Sai cikin 1980 ne likitocin Amurka suka shigar da shi littafinsu na cututtukan ƙwaƙwalwa, bayan abin da suka gani ga sojojinsu da suka komo daga Biyetnam. A lokacin nan kuwa an shekara 10 da gama yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970, wanda ya kai yawan soja daga wajen 10,000 zuwa wajen 250,000. An sallami dubbai, mai rauni a ƙafa ko hannu aka gani, mai rauni a barci ya tafi da abinsa. Bayansu ga na Laberiya daga 1990, ga na Saliyo, ga kuma waɗanda suka yi ta gwabzawa a Barno da Yobe tun 2009.

Har wa yau akwai wani abu da ba a cika lura da shi ba. Likitocin mazan jiya a Amurka sun tarar da yawa daga masu wannan ciwo numfashinsu yana yankewa cikin barci, ya yi minshari, ya yi shiru, sa'an nan ya zabura. Shi bai sani ba, matarsa ce ta sani. Wannan kaɗai ya isa ya sa mutum barci a kan sitiyari, kuma akwai na'urar hura iska da ake magance shi da ita.

Abin takaici shi ne inda ake zuwa neman sauƙi. Da dare a sayi Valium a kemis, ko a faɗa giya, da rana kuma goro da taba da shayi mai kauri. Likitoci sun yi gargaɗi game da irin wannan ƙwaya, gama tana kama jiki, ba ta kuwa taɓa tushen ciwon. Abin da ya fi amfani shi ne zama da likitan ƙwaƙwalwa mako mako, ana warware abin da ya faru, ana gyara tsarin barci. Addu'a ba ta hana wannan.

Asibitocin kuwa suna nan kusa, ga na Yaba a Ikko, ga Aro a Abeokuta, ga Uselu a Binin. Kunya ce ke hana zuwa, don kada a ce an kai wane gidan mahaukata. Nan ne aikin Sarakunan Hausawa da limaman unguwa yake, su ne mutum zai ji maganarsu, su ne kuma za su iya haɗa shi da ɗan rakiya mai jin Turanci ko Yarbanci.

Ita ma hukuma da nata. A Oshodi akwai cibiyar da ake koya wa soja sana'a kafin ya bar aiki. Ya kamata duk wanda ya bi ta can a tambaye shi yadda yake barci, a tambayi matarsa, a kuma ba shi takardar ganin likita kafin a ba shi ta sallama.