Muryoyin Makaɗan Zamfara Na Dusashewa A Hannun Masu Kwafi

A shekarar 2019 Hukumar UNESCO, tare da ƙungiyar ma'adanar sauti ta duniya, watau IASA, sun gargaɗi ƙasashe cewa daga wajen shekarar 2025 zai yi wuya a sami na'urorin da za su juya tsofaffin kaset, domin masana'antu sun daina ƙera su da kayan gyaransu. Wannan gargaɗi ya shafi Jihar Zamfara ƙwarai, saboda a kan kaset da faifan garmaho aka ɗauki muryoyin manyan makaɗanta, irin su Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun, wanda ya rasu a 1991, da Sa'idu Faru, wanda ya rasu a 1987.

Mai jin labarin zai ce ai babu abin damuwa, tun da waƙoƙin nan sun cika wayoyin jama'a. A Gusau da Tsafe da Bunguɗu, ko wace kasuwa ko tashar mota akwai samari masu kwamfuta da ke tura waƙa a memori ko su buga ta a faifan CD, har da waƙoƙin da Ɗanƙwairo ya yi wa 'Yandoton Tsafe. To, amma yawan kwafi daban ne, ingancinsa kuma daban.

Ga yadda al'amarin yake. Faifan CD na kiɗa, wanda Sony da Philips suka fitar a 1982, yana auna sauti sau 44,100 a ko wace daƙiƙa, ya kuma ɗauki kilobit 1,411. Waƙar da aka matse ta zama MP3 mai kilobit 128 kuwa, ta zubar da kusan kashi goma cikin sha ɗaya na wannan bayani, bisa tsammanin cewa kunne ba zai lura ba. A matsi na farko, gaskiya ne, kunne ba ya cika lura. Sai dai abin da aka zubar ba ya komowa. Idan aka buga MP3 a faifai, wani ya sake matse ta daga faifan, sa'an nan aka mai da ita wani tsari don ta yi sauƙin turawa, ko wane mataki yana ƙara rage ta. Ƙarshenta zaƙin kotso ya tafi, amshin 'yan ma'abba ya cuɗe da muryar uban kiɗi.

Asarar ba ta kunne kaɗai ba ce. Waƙoƙin fada suna ƙunshe da salsalar sarakuna, da sunayen garuruwa, da Zamfarcin da yanzu ya fara ƙaranci a bakin matasa. Masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun rubuta matanin waƙoƙi masu yawa, amma ɗalibin da ke son tantance kalma dole ya koma ga muryar, kuma dusasshen kwafi sai ya sa shi rubuta abin da makaɗin bai faɗa ba.

Maganin ba boyayye ba ne. Da farko a nemi kaset ko faifai mafi kusa da asali, a ɗauke shi sau ɗaya a tsarin WAV ko FLAC, waɗanda ba su zubar da komai. IASA ta ce kada a gaza awo 48,000 a daƙiƙa da bit 24. Wannan shi ne uwar kwafi. Daga gare shi ake fitar da MP3 ko faifai don sauraro. Har ila yau, kada a ɗauki faifan da aka buga a kwamfuta a matsayin ma'aji, domin zafi da hasken rana suna lalata rinin da ke riƙe da sautin. A ajiye uwar kwafi a wuri biyu ko uku daban-daban.

Wannan aiki ya fi ƙarfin mai rumfa a kasuwa. Ya kamata Gwamnatin Jiha, da gidan rediyonta, da Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kafa a 2013, da masarautun Gusau da Tsafe da Bunguɗu su haɗa kai, su aro kaset daga iyalan makaɗa da fadawa, su kuma tuntuɓi Rediyon Kaduna, wanda tun 1962 yake ɗaukar makaɗan Arewa. Ko wace damina da ta wuce tana rage yawan kaset ɗin da za a iya cetowa.