Daga Kankana Zuwa Ƙanƙara

Bazara ta kankama, kuma duk mai ƙanne a gida ya san abin da ke biyo baya. Da an taso daga makaranta da tsakar rana, sai ka ji ana, "Yaya, ba ni kuɗi in sayi ƙanƙara." Mu ma mun sha tsayawa a ƙofar makaranta muna tsotsar ja ko ruwan ɗorawa a ƙullin leda, ba mu taɓa tambayar da wane ruwa aka yi ta ba. Shawarar da muka kawo a wannan mako ita ce mu haɗa tamu a gida da 'ya'yan itace, mu jawo ƙannenmu su kama mana aikin.

Mu fara da abin da ya fi muhimmanci. Mutane da dama suna zaton sanyi yana kashe ƙwayoyin cuta, alhali ba haka ba ne. Sanyi hana su hayayyafa yake yi, amma da yawansu suna nan da ransu, da ƙanƙarar ta narke sai su ci gaba da ɓarna. Ƙwayoyin taifot da na amai da gudawa suna iya kwana cikin ƙanƙara su tashi lafiya lau. Don haka duk ruwan da zai shiga haɗinmu, mu tafasa shi ya yi aƙalla minti 1 yana ɓararraka, mu bari ya huce a rufe. Kowa ya wanke hannu da sabulu, a kuma wanke bayan 'ya'yan itacen kafin a yanka, domin wuƙa tana ɗaukar dattin ɓawo ta kai shi ciki.

Mafi sauƙin haɗi shi ne na kankana, tunda fiye da kashi 90 cikin 100 nata ruwa ne. Mu sami kofi 3 na yankakkiyar kankana, mu cire 'ya'yan, mu markaɗa a blanda ko mu murje ta a rariya da bayan cokali. Sai mu zuba babban cokali 1 na ruwan lemon tsami da cokali 1 ko 2 na sukari. In mangwaro ne, mu yanke tsokar manya guda 2, mu haɗa da rabin kofi na tafasasshen ruwa ko yogot, mu tace saboda zaren. Abarba, gwanda da ayaba duk suna yi. Mai son zuma ya sa, amma kada a bai wa jaririn da bai cika shekara 1 ba.

Aikin wuƙa da na blanda namu ne, mu manya. Ƙanana su tsince 'ya'yan kankana, su juya haɗin, su ɗanɗana, su zuba a ƙananan kofuna masu tsafta. Za su yi ɓari, za su ɓata riga, mu yi haƙuri da su. Yaron da ya sa hannu a aikin ya fi sha da marmari, kuma daga nan yake koyon tsafta ba tare da an yi masa faɗa ba.

A nan ne darasin kimiyya yake biyo mu har kicin. Ruwa yana ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin 100 idan ya daskare, shi ya sa ba a cika kofi taf; a bar wuri kamar faɗin yatsa. Ruwa zalla yana daskarewa a digiri 0 na ma'aunin Salshiyas, amma sukari yana saukar da wannan mataki, saboda haka in ya yi yawa sai haɗin ya ƙi kamawa. Mu sa kofunan a firiza, bayan awa 1 ko 2 mu tsayar da ƙaramin cokali a tsakiya ya zama mariƙi, sannan mu jira awa 5 zuwa 6, ko mu bari su kwana. Wajen cirewa, mu tsoma gindin kofin a ruwan ɗumi kaɗan, za ta sulɓo da kanta.

To, in babu wuta fa? Akwai dabara. Mu sayi dutsen ƙanƙara mu farfasa, mu cakuɗa kashi 3 nasa da kashi 1 na gishiri a cikin kula. Gishiri yana narkar da ƙanƙara, narkewar kuma tana zuƙe zafi, har sanyin ya kan kusanci digiri 20 ƙasa da sifili. Mu ƙulla haɗinmu kaɗan-kaɗan a sababbin ledoji, mu ninka su biyu, mu binne a ciki muna juyawa lokaci-lokaci. Kafin awa 1 sun kama. Mu ɗauraye bayan ledar da ruwa mai tsafta kafin a sha, kuma kada yara su riƙe ƙanƙarar gishirin da hannu, domin tana ƙona fata. Wadda kuwa ta narke ta daɗe a zafi bayan an ɗauke wuta, kada mu mayar da ita firiza. Zubarwa ya fi jinya sauƙi.

Ranar Asabar ɗin nan mu nemi izinin Umma, mu gwada da kofi biyu, ɗaya mai sukari da yawa, ɗaya mai kaɗan. Mu sa ƙannenmu su lura da wanda zai riga daskarewa, mu kuma mu yi musu bayanin dalili. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.