Jijiyoyin ƙafa: mu daina kai su ga aska

Duk wanda ya zagaya kasuwar Badagishiri ranar da take ci, ya dubi ƙafafun mata masu saida albasa da masu tuyar ƙosai da ƴan tebur da ke yini a tsaye, zai ga jijiyoyi sun taso ruɗu-ruɗu kamar igiya a ƙwauri. A gidan rediyo, da wuya mu buɗe layi kan lafiya ba a tambaye mu wannan ba. Wata mai saida tumatir ta shaida mana cewa sau biyu wanzami yana yi mata tsaga don a fid da "mugun jini". A na biyun sai a amalanke aka kai ta asibiti, zanenta ya jiƙe sharkaf.

Jama'a, wannan ba mugun jini ba ne, ba sammu ba ne. Cikin jijiyoyin da ke maida jini daga ƙafa zuwa zuciya akwai ƴan ƙananan marufai da ke hana shi komowa ƙasa. In suka saki, jini ya taru, jijiya ta kumbura. Gado, yawan haihuwa, ƙiba, shekaru da doguwar tsayuwa duk suna ƙara shi. Da fari nauyin ƙafa ne da ƙaiƙayi da kumburi da marece. In aka yi sakaci, fatar idon sawu ta yi baƙi, ta fashe, ta zama gyambon da ke cin wata da watanni tare da jarin mai shi.

A da, sai a sa mutum barci a tsaga ƙafa a zare jijiyar. Tsoron wannan ne ke hana mutane da yawa zuwa wurin likita. To, aikin ya sake. Tun wajen 2000 likitoci ke zura ɗan siririn bututu cikin jijiyar, su toshe ta daga ciki da zafin leza ko makamancinsa, bayan allurar kashe zafi a wurin kawai. Akwai allurar kumfa da ke sa jijiyar ta shanye, akwai kuma wani gam da Amurka ta amince da shi a 2015. Jinin sai ya bi sauran jijiyoyi masu lafiya, mutum kuma ya koma gida ranar da ƙafarsa. A Ingila, tun 2013 toshewa da zafi da allurar kumfa aka sa gaba da fiɗa. Wani bincike da aka yi can kan mutum 450, aka fitar a 2018, ya nuna gyambo ya warke cikin kwana 56 ga waɗanda aka toshe wa jijiya da wuri, maimakon kwana 82.

Mun san ba ko'ina ake samun wannan aiki ba, kuma leza na da tsada. Amma allurar kumfa ba ta buƙatar babban inji, in ban da na'urar ekografi mai duba gudun jini da likitan da ya ƙware. Saboda haka muke kira ga hukumomin lafiya su horar da likitoci don a riƙa yin ta a babban asibitin jihar Tawa, talaka ya huta da kuɗin mota da na masauki.

Kafin nan, akwai abin da ke hannunmu. Kada mu yini a tsaye ko a zaune wuri guda. Mu riƙa ɗan takawa. Da dare mu ɗora ƙafa bisa matashi. Safa mai matse ƙafa tana taimako, amma sai likita ya duba, musamman ga mai ciwon suga. Ƙungiyoyin ƴan kasuwa da na adashi za su iya haɗa kuɗi su sawo ta a sari. Man shafawar ƴan talla ba ya gyara marfin da ya saki. In jijiya ta fashe, a kwantar da mutum, a ɗaga ƙafar, a danne wurin da tsumma mai tsabta, a nufi asibiti. In ƙafa guda ta kumbura farat ɗaya tana ciwo, a tafi Illela, Ƙonni ko Galmi ranar, kada a jira a tashi kasuwa.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya ba mu lafiya da ciniki mai albarka.