Mu Ba Masu Zane Bango Ɗaya

Akwai wata katanga a unguwarmu da na yi shekaru ina wucewa ban taɓa ɗaga kai na dube ta ba. Me zan gani? Lambar mai maganin basir da fastocin 'yan siyasa, wani kan wani. Bayan Babbar Sallah sai mai makarantar da ke cikin katangar ya ɗauko wani mai zane, irin masu rubuta allon shago da bayan manyan motoci. Kwana tara ya yi a kan tsani. Sai da ya kankare bangon, ya toshe tsagogi da siminti, ya shafa farin fenti ya bari ya bushe, sannan ya fitar da siffa da alli kafin ya taɓa kala. Ya zana kuka, tsamiya, gawo, da ɗorawa da jan furenta yana reto, ya rubuta sunan kowace a ƙasa da boko da ajami.

Kunya ta kama ni ranar, wallahi. Ni da nake ajin ƙarshe, sai da na karanta sunan na gane gawo. Da na ce masa ya manta ganyen, dariya ya yi: "Ɗan boko, ai gawon damina na zana." Ashe gawo da damina yake zubar da ganye, ya yi kore da rani, shi ya sa manoma ke barinsa a tsakiyar gona, ba ya tare wa gero rana. A bakin mai fenti na koyi wannan.

Shawarata ga ƙungiyar ɗalibai da 'yan ajinmu ita ce, cikin kuɗin da muke tarawa na walimar fita da riguna, a ware wani kaso, a nemi izinin hukuma, a ba irin waɗannan mutanen bango ɗaya a makaranta. Kuma a biya su kuɗin aiki cikakke, ban da "Malam, ka taimaka wa ɗalibai". Fentin ma a sayi mai kyau, don ranar Katsina da ƙurar hunturu ba sa raga wa na arha.

Na san wani zai ce zane haramun ne. To, ruwaya ta tabbata cewa Ibn Abbas ya shawarci wani mai sana'ar zane ya koma zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Ado a bango kuma ba baƙonmu ba ne. Duk wanda ya shiga tsohon birnin Zariya ko Kano ko Damagaram ya ga yadda magina suka ƙawata fuskar gidaje da dagi da sauran zayyana. Mu ne muka bar bango ya zama juji.

Maganar da ta fi ƙarfi ita ce ta masu cewa a sayi dashe a shuka, tunda zane ba ya inuwa. Gaskiya ne, kuma Katsina na cikin jihohi 11 da ke shirin nan na Babbar Koriyar Ganuwa don tare hamada. Amma mu faɗa wa juna gaskiya, sau nawa muka yi dashe muka ɗauki hoto muka watse? Kuma kusan kullum dogonyaro ne, wanda asalinsa ma daga Indiya yake. Wanda bai san kanya ko marke ko aduwa ba, ba zai ji ciwo ba in ya ga an jibge su a bayan motar itace. A yi duka biyun: a zana tsamiya a bango, a dasa ta a gabansa, a ɗora wa aji ɗaya ban ruwanta.

Katangar unguwarmu dai, makon jiya wani ya lallaɓo da dare ya manna fastar ɗan takara a kan kukar. Kafin azahar yaran makarantar sun jiƙa ta da ruwan buta sun ɓamɓare.